Yadda Na Shaƙe Motar Ɗana a Hanyar Funtua

Ko Malumfashi ba mu hango ba motar ta fara tari. Ta zabura, ta turje kamar jaki ya ga kwalbati, ta sake zabura, sannan ta mutu murus a gefen wata gonar dawa. Isiya direba ya gangara da ita bakin titi, ya ce ikon Allah. Ni kuwa na ce ikon Allah ne, amma har da sakacin mutum.

Ku matan ajinmu na yaƙi da jahilci kun ishe ni da tambaya. Yaya Funtua, yaya hanya, me ya sa tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ta ci mana kwana, me ya kai ni tasha tsakiyar maza. To ga shi na rubuta, kowace ta karanta da kanta. Wadda ba ta kai nan a karatu ba a karanta mata. Gara ku ji a bakina.

Jikata Rabi ce ta haihu a Funtua. Ɗiyar fari ce a gidan ɗana Alhaji, kun san uwarta ba za ta je ba, ni ce mai zaman jego. Alhaji ya ba da a-kori-kurarsa, tsohuwar nan fara, ya ce Isiya ya ɗauke ni daga nan Dayi ya kai ni. Shekara tara Isiya yana jan motar nan. Da ita yake ci da 'ya'yansa shida da tsohuwarsa. Kullum safiya sai ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni kafin ya tada ta.

An loda itacen wanka, da buhun masara biyu, da garin kunu, da kanwa, da yaji, da galan na man gyaɗa da na matse da hannuna. Tun ana gobe tafiya da yamma Isiya ya cika tanki taf. Da safe ya tafi wurin mai shayi, ni kuma ina zagaya motar ina duba ɗauri, sai na ji warin fetur daidai inda aka jingina garin kunu. Na duƙa. Na ga wani ɗan tiyo siriri kamar yatsa kusa da inda ake zuba mai, bakinsa a buɗe, har ya yi danshi. Shekara arba'in ina sana'ar man gyaɗa, ban taɓa barin baki a buɗe ba. Na ninka leda biyu na rufe shi, na yago bakin mayafina koren nan mai ɗigon rawaya, na naɗe sau ukku na ƙulle tam, na cusa shi bayan ƙarfe don kada ya yi reto. Ban faɗa wa kowa ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ban ɗauke shi komai ba ne. Har cewa na yi a raina, dubi direba, a ce tsohuwa ce za ta gyara masa mota.

To mu koma gefen gonar dawa. Isiya ya murɗa makulli bai tada ba, ya kasa kunne. Ya ce min akwai wani ɗan famfo a ƙarƙashin bodi, da wutar batir yake aiki, shi ke jawo mai daga tanki ya kai wa inji. In lafiya lau yake, kukansa kamar na zuma ne. Yanzu kuwa wani siririn kuka yake kamar sauro. Ya shiga ƙarƙashi ya taɓa shi, ya ce da zafi. Ya jiƙa tsumma ya ɗora masa, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana. Ni dai ina tsaye ina faɗa. Na ce wane famfo, ka dai faɗi gaskiya ko man ne babu, buɗe ka nuna min. Ya buɗe murfin tanki, ya karyo kara ya zura, ya fito da shi jiƙe sharkaf. Ya rufe, ya shiga, ya murɗa. Motar ta tashi kamar ba ita ba.

A Malumfashi muka tsaya gareji. Bakaniken wani ƙato ne mai yawan dariya. Ya ciro filta, wato matatar mai, ya busa ta a tafin hannunsa, ya nuna mana wani baƙi-baƙi. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya ce man nan da datti. Ya sa sabuwar filta, mota ta tashi, ya bugi ƙirji ya ce har Legas za ta je. Ni kalmar nan ta datti ita ta shige min kunne ta zauna. Na tuno hirar da ake yi, wai direbobi a ba su kuɗin gidan mai su je wurin 'yan bumburutu su sayi gauraye da kananzir. Na sayi waina a bakin garejin, ƙanana kamar bakin ludayi, ga tsami, miyar kuma ruwa zalla. Na ci ukku na watsa wa kajin wurin sauran. Ban ko yi wa Isiya tayi ba.

Mun wuce Mararrabar Ƙanƙara kaɗan ta sake mutuwa, wannan karon gaban masu sayar da rake da tumatir. Aka nemo wani mai gyaran wayoyin mota. Shi kuma ya ce ba ruwan filta, wuta ce ke yankewa. Ya canza fiyus, ya kwance wata waya da aka ɗaure a jikin ƙarfe ya kankare tsatsarta ya mayar. Aka murɗa, famfo ya yi kukan sauro, mota ta ƙi. Nan fa na hau. Na ce a buɗe tankin nan mutane su shinshina su yi min shaida. Wani dattijo mai tumatir ya shinshina, ya ce shi dai fetur ya ji. Na ce hancinka ya saba da ruɓaɓɓen tumatir. Aka rufe, aka murɗa, ta tashi. Mai wayoyi ya ce kun gani, dama sai wuta ta zagaya.

A gaban mutanen nan na ce wa Isiya ya ci amana. Na ce an ba ka kuɗin mai na kirki ka sayo guba ka zuba, sauran ka sa aljihu. Ya ce, "Hajiya, wallahi a gidan mai na sha, gaban idon jama'a." Na ce ɓarawo ma rantsuwa yake.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma kun san tunda Malama ta koya mana rubuta saƙo a waya hannuna ke ƙaiƙayi. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce ina kwana ba. Na zauna a gaban mota, na sa tabarau, na yi ta dannawa ina gogewa, har muka yi tafiya mai nisa kafin na gama. Na rubuta wa Alhaji: Isiya ya sai mugun mai ya ci kuɗin, mota ta mutu sau biyu, ɓarawo ne. Na tura ina jin kaina kamar alƙali. Ba a jima ba amsa ta shigo. Na bi ta da yatsa na karanta da ƙarfi don ya ji: in kun dawo ya aje makulli.

Isiya bai kalle ni ba. Ya ce, "To, Hajiya." Ya ci gaba da tuƙi.

Dab da Bakori akwai shinge. Daidai kan shingen ta mutu karo na ukku, ta tare hanya, motoci suka yi layi suna oda. Masu shingen da kansu suka tura mu gefe. Ɗaya ya leƙo ya ce Hajiya me aka kawo mana daga Dayi, na ba shi ƙuli-ƙuli, ya ce wannan ai sai mai haƙorin ƙarfe. Na ce na mutanen kirki ne, ba irin naku na Bakori da ke narkewa a aljihu ba. A nan Isiya bai buɗe tanki ba, ni ma na gaji da cewa a buɗe. Muka yi ta zama har la'asar, sannan ta yarda ta tashi, ta yi ta tari da ƙyar ta kai mu cikin gari.

Bakaniken Bakori ya ce duk waɗancan ba su san aiki ba, famfon ne ya gaji, in ya yi zafi ya tsaya, in ya huce ya kama. Sai sabo. Sabon kuwa sai da safe za a kawo daga Funtua. Bikin suna sai jibi, don haka babu abin da zai wuce mu, amma ina zan kwana? Isiya ya ce yayarsa Asabe tana aure a nan, in ba zan damu ba.

Jama'a, gidan yayar mutumin da na kira ɓarawo da rana na kwana. Bai faɗa mata komai ba. Ta sauka daga gadonta ta ba ni. Ta dafa ruwa ta gasa min ƙafafu. Ta kawo tuwon masara fari tas, irin nasu da sai an surfa an jiƙa an wanke, ba kamar namu da muke niƙa shi da dusarsa ba, da miyar kuɓewa ɗanya da ta sha daddawa. Su nan uwar gida ba ta ci da baƙuwa, zama take gefe tana yi miki fifita har ki gama. Tana fifitar tana godiya. Wai Allah ya saka wa gidanmu, tunda ƙanenta ya kama motar Alhaji tsohuwarsu ba ta sake kwana da yunwa ba, wai kullum yana faɗin kirkina. Na cinye tuwon tas. Kuma kada in yi muku ƙarya, ko a lokacin ban ji kunya ba. Tausayinta na ji, na ce baiwar Allah ba ta san halin ɗan'uwanta ba.

Da hantsi aka ɗaura sabon famfo. Bakaniken ya buɗe tanki ya zuƙo mai a kwalba ya ɗaga wa rana. Garau yake. Na ce ai datti ƙasa yake kwanciya. Muka kama hanya, sabon famfo na kukan zuma, Isiya har ya ɗan saki fuska.

Muna hango manyan motocin auduga na bakin Funtua ta fara tarin nan. Isiya ya kifa kansa a kan sitiyari. Wasu masu keke mai ƙafa ukku suka taimaka aka tura mu wani gareji ƙarƙashin darbejiya. Mai garejin tsoho ne tukuf, Baba Ɗanjuma suke ce masa, yana zaune kan tabarma. Bai ko tashi ba. Ya tambayi Isiya tafiyar nawa take yi kafin ta mutu. Ya tambaye shi me ake yi mata kowane karo kafin ta tashi. Isiya ya lissafa, an jiƙa famfo, an canza filta, an kankare waya, an sa sabon famfo. Tsohon ya ce waɗannan duk daban-daban ne, shi abin da ake maimaitawa yake nema. Na tsoma baki, na ce abin da ake maimaitawa shi ne ni nake sa a buɗe tanki don in kama marar gaskiya, kuma duk sanda aka buɗe sai ta tashi, a shinge ne kawai ba a buɗe ba muka yini. Na ci gaba da bayanin 'yan bumburutu.

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Hajiya, kin faɗi mai amfanin. Yanzu ki yi mana shiru har sai na ce."

Tunda Malam mai gidana ya rasu ba wanda ya taɓa ce min haka. Mamaki ne ya rufe min baki, ba biyayya ba.

Ya tashi ya dafa motar, ya kara kunnensa a murfin tanki, ya murɗa a hankali. Duk muka ji. Fuuuu. Tankin ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ashe kowane karo haka yake yi, muryata ce ke danne shi.

Tsohon ya ce ba famfo ba ne, ba waya ba ce, man ma lafiyarsa lau. Tanki ne ba ya numfashi. Ya ce in famfo na jan mai, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba ta shiga ba famfo zai yi ta ja har ya galabaita ya yi zafi, mai ba zai zo ba. Ya juyo gare ni ya ce kamar gwangwanin madara ne, in kika huda wuri ɗaya ba ya zuba sai kin huda na biyu. Ni ake faɗa wa wannan. Ni da nake sassauta murfin galan in zan tsiyaye mai tun kafin a haifi Isiya. Ya ce akwai ɗan tiyon da tanki ke numfashi da shi, bari ya ga ko zanzaro ne ya yi gini a ciki.

Kafin ya gama duƙawa na tuno ƙullin da na yi jiya da safe.

Ya laluba bayan ƙarfe, ya jawo, ya sa wuƙa ya yanke. Ya miƙe riƙe da leda ninki biyu da ƙyalle kore mai ɗigon rawaya. Mayafin yana kafaɗata. Bakinsa da na yaga yana lilo a kan ƙirjina.

Isiya ya yi wuf ya karɓe ya tura aljihu. Ya ce, "Yaran unguwa ne, Baba, wasa ba ya ƙare musu." Tsohon ya ce yaro ba ya irin wannan ƙullin, wannan hannu ne da ya saba. Ya dubi mayafina sau ɗaya, sannan ya ɗaga kai yana kallon ganyen darbejiya kamar an aike shi ƙirga su.

Da na yi shiru da ya wuce a haka. Mutumin da na tsige a gaban masu tumatir, na karanta masa korarsa da bakina, shi ne ke rufa min asiri. Wannan ya fi min zafi da a ce zagina ya yi.

Na ce, "Isiya, fito da shi."

Ya ce a bar maganar, Hajiya. Na ce fito da shi. Ya miƙo. Na kara ƙyallen a bakin mayafin, ya zauna daidai kamar ba a taɓa raba su ba. Na ce wa duk wanda ke garejin, ni ce. Ni na ɗaure shi don kada garin kunu ya yi wari. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi.

A take na kira Alhaji na faɗa masa. Ya fara dariya, sai kuma ya katse ta. Ya ce Inna, akwai matsala. Wai da saƙona ya shigo jiya yana zaune a majalisarsu ta tasha, daɗi ya kama shi wai uwarsa ta iya rubutu har da layi biyu, sai ya miƙa wayar tana zagayawa, wani ma ya karanta da ƙarfi. Kafin magariba duk Dayi ta ji.

Funtua kuwa da kuke tambaya, ba zan iya ba ku labarin kirki ba. Ruwa saye ake, itace saye ake, har toka in kina so sai kin roƙa. Matan gidan su Rabi ba su san a tashi da asuba a hura wutar wanka ba, sai rana ta fito. An yi suna, yarinya ta ci sunan Hauwa'u. Garin kunu bai yi warin komai ba, kowa na yabawa, ni kuwa ko kurɓa na kasa. Isiya tun ranar da muka isa ya sauke kaya ya juya, motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba har Dayi. Ya kai makulli gidan Alhaji ya ba matarsa. Alhaji ya aika masa sau biyu ya dawo bakin aiki. Ya ce a yi masa haƙuri, wanda aka karanta sunansa ɓarawo a tasha ba ya riƙe makullin mutane.

Kwana arba'in aka shirya zan yi. Washegarin suna na bar Rabi a hannun wata goggon mijinta na hau motar haya. Ban shiga gida ba sai da na biya na karɓi makullin a hannun matar Alhaji. Na yagi takarda a littafin ajinmu na zauna na rubuta, tunda da rubutu na ɓata shi. Bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika, na aika a kira Isiya, na tafi tasha da mayafin nan a kafaɗata.

Kun san mace ba ta tsayawa a wurin. Na tsaya. Maza suka yi ta sunkuyar da kai, Alhaji ya taso yana Inna mu je gida, na ce koma ka zauna, kai ma da naka laifin. Na ɗaga ƙyallen da ledar kowa ya gani. Na sa tabarau na karanta, ina tuntuɓe a kan baƙaƙen da ni na rubuta su: Isiya bai ci kuɗin kowa ba. Mai na kirki ya sha. Ni na shaƙe motar da hannuna, na yi masa ƙazafi. Isiya ka yafe min.

Wani ya ce Allah ya ba da haƙuri. Saura suka amsa. Na miƙa wa Isiya makullin. Bai karɓa ba. Idonsa na ƙasa ya ce, "Na yafe, Hajiya. A aje shi kan mota."

Na je bayan katangarmu inda take kwana, na ajiye shi a kan motar da kaina.

Da safe ina kan tabarmar salla na ji an buɗe ƙofar mota a bayan katanga. Na ji an murɗa makulli, famfo ya yi kukan zuma, inji ya kama. Na gyara zama, na jawo mayafi, ina jiran sallamar Isiya a zaure. Motar ta ja ta tafi. Yau kwana goma sha ɗaya bai shigo gaishe ni ba.